Tarwaɗa Ɗaya da Tsinke Mai Gwafa

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wani abokina a kan mashin ɗinsa, ko addu'ar kirki ban tsaya na yi ba. A aljihun rigata akwai takarda guda mai layi huɗu da ba a cike ba, a jakata kuma tarwaɗa ɗaya tal ta banda, naɗe cikin tsohuwar jarida. Wannan tarwaɗar ce ta fitar da ni daga Sakkwato ranar Laraba, ranar aiki, har sai da na yi wa hedimasta ƙaryar ciwon haƙori. Masu tambayar ina na shige ranar nan da wayata ta ƙi shiga, to ga inda na je.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina aji biyu, kuma da kifin banda ta riƙe ni. Fiye da shekara talatin tana da rumfa a layin 'yan kifi. A makaranta har suna aka laƙaba mini saboda ƙarnin da ke bin littattafaina. To, makon jiya wani gida suka yi suna, suka sayi rabin kwando a wurinta aka yi miya. Kafin la'asar mutanen gidan suka kama amai da gudawa, har aka kwantar da mata uku a asibiti. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu, amma ma'aikacin lafiyar da ya duba su ya ce zarginsa na kan kifin, wataƙila irin wanda ake kashewa da maganin feshin gona ne.

Sai abin ya faɗo daidai lokacin da rediyo ke ta maganar wata doka da ake son kafawa, wadda za ta sa kowane kwandon kifi ya zo da takardar asalinsa: ruwan da aka kama shi, wanda ya kama, wanda ya yi banda, da dillalin da ya kawo. Wai ta haka za a gano masu zuba guba a ruwa da masu taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Shugabannin 'yan kifin kasuwarmu, don tsoron kada hukuma ta zo ta rufe layin gaba ɗaya, sai suka riga dokar. Suka buga tasu takardar, suka miƙa wa Gwaggo, suka ce ta cike kafin hantsin Alhamis, in ba haka ba a ba wani rumfar. Matar da ba ta san ko bihim ba a boko! Abin da ta sani kawai, wani dillali daga Boɗinga ke kawo mata kaya. Tun ranar ta daina cin abinci. Ni kuma in abu ya dame ni ƙafata ba ta zama, shi ya sa na ɗauki tarwaɗa ɗaya daga ragowar kwandon na ce zan bi sawunta.

Hanyar Boɗinga da sassafe tana da daɗi ga wanda hankalinsa ke kwance. Bazara ce, ana tsakiyar cirar albasa, ga ta nan tsibi-tsibi a bakin titi, manyan motoci sun jera ana loda buhuna, warinta na shiga hanci har ido ya kawo ruwa. Da muka zo mararrabar Sifawa abokina ya rage gudu, wai mu leƙa mu yi ziyara tunda gari ne mai tarihi, ko ma samu albarkar tafiya. Na ce masa albarka na nan ba inda za ta, ya taka. Ya taka ɗin, amma ya yi ta gunaguni har cikin Boɗinga, inda muka tsaya ya sha koko. Ƙosai uku naira ɗari, kowanne bai fi goron biri ba. Ni ko zama ban yi ba, ina tsaye ina kaɗa makullinsa a hannu.

Ba mu sha wahalar samun dillalin ba, ƙarni ya kai mu. Wani dattijo ne mai jiki, yana zaune a ƙofar ɗakin ajiyarsa, kwanduna da kwalaye sun kai rufi. Da na faɗi sunan Gwaggo ya yi murmushi, da na faɗi abin da ya kawo ni murmushin ya ɗauke. Ya ce shi kaya daga wuri goma suke zo masa, na Shagari, na Yabo, har na Yawuri, a ɗaki ɗaya ake juye su a ware manya da ƙanana. Na fito da takardar na nuna masa layinsa.

"Malam, kihi shina da lamba ne awa mota?" in ji shi.

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na kwance jaridar na ɗora masa tarwaɗar a cinya, na ce to ga motar nan, ya duba. Ya juya ta sau biyu don ya sallame ni, sai na ga ya tsaya. Ba kifin yake kallo ba, tsinken yake kallo.

Wanda ya san tarwaɗar banda ya san lanƙwashe ta ake yi tun tana ɗanya, a haɗa wutsiya da kai, a soke da tsinke don ta zauna a zagaye. Abin da ban sani ba sai ranar, ashe kowace mai banda da irin nata tsinken. Wata na kaba take sawa, wata ta tsaga gora, wata ta ƙona bakin nata ya yi baƙi. Da shi dillalai ke gane hannun kowa ba tare da an yi magana ba. Wannan na geza ne, an bar masa 'yar gwafa a ƙarshe kamar ta danƙon harbin tsuntsu. Wallahi kunya ta kama ni. Shekara nawa ina zare irin waɗannan tsinkayen ina sakace da su a rumfar Gwaggo, ban taɓa lura ba.

Dillalin ya ce wannan hannun wata tsohuwa ce a ƙasar Shagari, shi bai taɓa ganinta ba, ta hannun masu mashin kayanta ke zuwa. Ya ce mu tambayi Sarkin Ruwa a bakin dam. Batun sa hannu kuwa, ya ce in na samo na gaba da shi zai sa. Har yana raka mu bakin hanya, ka san mutum ya sauke kaya a kan wani.

Ba mu yi nisa ba, daf da Dandin Mahe, tayar baya ta yi faci. Muka tura mashin cikin rana har rumfar mai faci, ga mutum biyu a gabanmu. Na zauna, na tashi, na zagaya rumfar, na dawo na duba agogon waya. Abokina ya sayo mana hura da nono a wajen wata Bafillatana, mai sanyi, irin wadda in da lafiya lau nake da sai na ƙara. Da mai facin ya ji abin da muke nema ya yi dariya har ya ajiye guduma, ya ɗaga ƙusar da ya zaro daga tayarmu ya ce to ita ma a nemo mata takardar asali, shi zai sa hannu. Kowa ya yi dariya ban da ni. Awa ɗaya da rabi muka ɓata a wurin.

Rana ta take tsaka muka shiga Shagari. Ruwan dam ya ja baya sosai, an bi laka an shuka kayan lambu har bakinsa, kwale-kwale huɗu ko biyar na kife a gaɓa. Mata na soya karfasa a ƙarƙashin rumfar kara, abokina ya yi ta haɗiyar yawu, ni kuwa ranar ko kyauta aka ba ni kifi ba zan ci ba. Aka nuna mana Sarkin Ruwa a gindin wata bishiya yana ɗinkin komar kamun kifi, tsoho siriri, fatar hannunsa duk ta tsattsage. Muka cire takalma muka durƙusa. Allah ya ja zamanin Sarki, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ina zafi. Aka gama aka sake sabuwa. Ni dai bakina na amsawa, idona na kan inuwar bishiyar da ta fara karkata.

Da na samu sarari na ba shi labari, na miƙa tarwaɗar da hannu biyu. Ya sunsuna, ya danna bayanta da babban yatsa, ya ɓare fatar wurin lanƙwasa ya nuna mini. Naman ya dare a ciki. Ya ce tarwaɗar da ta zo hannu da ranta lanƙwasuwa take sumul, amma wadda ta mutu ta kwana a ruwa, in an tanƙwara ta sai bayanta ya karye.

"Wanga kihi ba kama shi anka yi ba," in ji shi. "Tsintar shi anka yi."

Ya rantse ba daga ruwansa ya fito ba. Ya ce a dam ido na da yawa, wanda duk aka kama da guba ko ƙaramin taru sai ya bar ruwan, tun kafin wata doka ta zo daga birni. Matsalar tana ƙananan tafkunan daji da ke janyewa da bazara, kifi ya taru a ɗan wuri, mutum ya zo da kwalbar guba ɗaya ya gama da su. Dokar ya ce yana maraba da ita, sai dai yana so ya ga wanda za a ajiye a bakin kowane tafki. Yana cikin magana yatsansa ya taɓa tsinken. Ya ɗaga shi a haske, ya ajiye.

Ya ce ya san mai shi. Sunanta Tumba. Tun kafin a yi dam ɗin nan take banda, mijinta masunci ne, ya rasu da daɗewa, kuma shi bai taɓa jin an dawo mata da kaya ba. Ya shawarce ni in rubuta ba a sani ba a layinta in koma gida. Na ce ranka ya daɗe, in na rubuta haka rumfar uwata ta tafi, ita ma tsohuwa ce, ita ma ba a taɓa dawo mata da kaya ba. Ya miƙo mini tarwaɗar, sannan ya kwatanta mana hanya: a wuce Kajiji kaɗan, a saki kwalta a yi gabas.

Wannan hanyar ba zan yi wa maƙiyina fatarta ba. Yashi ne zalla, sau uku ina sauka ina tura mashin, gumi ya jiƙe takardar da ke aljihuna har sai da na mayar da ita cikin hula. Fetur a kwalba muka saya a Kajiji, kuɗin da mai shi ya faɗa sai da abokina ya yi salati. Can cikin daji wari ya tare mu tun kafin mu ga komai. Tafki ne ƙarami, ruwan ya yi kore, kwaɗi a kife birjik a gefensa, babu tsuntsu ko ɗaya. Wani makiyayi da ke kora shanunsa nesa da wurin ya ce sati biyu ke nan da wasu suka zo a mashin da rawani a fuska, washegari kifi ya taso fari fat. Yanzu sai ya yi tafiyar rabin wuni yake shayar da dabbobi. Na tambayi sunan tafkin na rubuta a layi na ɗaya.

Da la'asar sakaliya muka isa ƙauyen, gida bai fi ashirin ba. Ba sai mun yi tambaya ba, hayaƙi ne ya nuna mana ita a bayan gari, ƙarƙashin rumfa, da rabin ganga uku da raga a kai. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, hayaƙi ya cinye mata ido, sai ta kawo abu daf da fuska take gani. A gefenta ga damin geza da wuƙa, tana fere tsinkaye, kowanne da 'yar gwafarsa. Tun a hanya na shirya maganganu masu zafi, har na jera su. Da ta ce marhabin da baƙi, ta turo mana tabarma da ƙafa, ta sa aka kawo ruwa a ƙwarya, duk suka zube.

Na ce Inna, daga Sakkwato muke, na sa mata tarwaɗar a hannu. Ba ta ma ɗaga ta ba. Ta shafa tsinken, ta shafa bayan, yatsanta ya tsaya daidai inda Sarkin Ruwa ya ɓare. Ta tambaya ko wani ya mutu. Na ce a'a, amma an kwantar da mata uku, kuma gobe da hantsi za a karɓe rumfar gwaggona. Ta yi hamdala a kan na farko, ta yi salati a kan na biyu.

Ba ta yi mini gardama ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi gardama ciwo. Ta ce bana kifi ya yi wuya, ta yi kwana tara ba ta hura wuta ba. Sati biyu da suka wuce sai ga wasu mutum biyu a mashin da daro biyu cike, manya da ƙanana, da araha, suka ce daga Yawuri suka taso. Ba ta san su ba, ba ta ga fuskarsu ba, ba su sake dawowa ba. Na ce mata ai idonta ne, kowa zai iya ruɗarta. Ni da kaina nake nema mata mafita.

"A'a, ɗana, kar ka ɗora ma ido," in ji ta. "Ta hwarin da nil lanƙwasa, hannuna ya hwaɗa mani. Ni na niƙ ƙi ji."

Na fito da takardar daga hula na karanta mata layi-layi. Na gaya mata gaskiya, in sunanta ya hau, daga gobe babu mai sayen kifi mai gwafa a kasuwarmu, kuma magana ba ta tsayawa a kasuwa ɗaya. Ina faɗa ina jin kaina kamar ɗan sandan da aka aiko kama kakarsa. Abokina ya matso ya raɗa mini wai mu ƙirƙiro wani suna mana, wa zai zo nan ya bincika? Wallahi na so. Biro na hannuna, na kai shi kan layin na ɗauke ya fi sau uku. Ita ce ta katse mu. Ta tambayi shekarun Gwaggo a rumfar, na faɗa.

"Tsinke dai nawa na. Rubuta."

Na rubuta. Ba mu da tawada, sai ta dangwala babban yatsa a baƙin ganga ta danna a gefen sunanta. Layi na biyu, na wanda ya kama kifin, haka na bar shi fari. Da za mu tashi ta lalubo wata tarwaɗa daga kan raga, mai zafi, ta ce wannan ta jiya ce, daga mamarin kamun kifin ɗan ƙanenta ta fito da ranta. Ta naɗe ta a jaridar da na zo da ita, ta ce in kai wa Gwaggo, in ce ta yafe mata.

Dawowa ba mu tsaya ba sai Boɗinga. Dillalin da ya ga yatsan tsohuwa a takarda, ko karantawa bai tsaya yi ba ya sa hannu, har yana yi mana sannu da ƙoƙari. Bayan isha'i muka shiga Sakkwato, ƙuguna kamar ba nawa ba.

Da hantsin Alhamis na raka Gwaggo kasuwa. Shugabannin suka karɓi takardar, suka zagaya da ita hannu-hannu, babu wanda ya tambayi layin da ke fari. Aka ce ta buɗe rumfarta. Sannan aka bi layi ana shela cewa daga yau kada wanda ya sake karɓar kifi mai tsinken gwafa.

Abin da na koyo a tafiyar nan ke nan, kuma har yanzu ya hana ni sakat. Ina goyon bayan dokar nan, wanda ya ga tafkin can ba zai ƙi ta ba. Amma mutanenmu sun daɗe da tasu takardar asali, a jikin kifin take, kuma mai gaskiya kaɗai ke sa ta. Na bi sawu wuni guda, sawun ya kai ni ƙofar wadda ta yarda ta sa alama a aikinta, ya tsaya nan. Masu kwalbar ba su da tsinke, ba su da suna, kuma bazara ba ta ƙare ba. In masu rubuta dokar za su ji ta bakin malamin firamare, su fara da layi na biyu.

Bayan shela ta wuce na ba Gwaggo saƙonta. Ta kwance jaridar, ta ga gwafar, ta daɗe tana kallo. Ta ce shekara ashirin tana tsince masu irin wannan tsinken daga kwando tana ɓoye wa manyan masu sayenta, kuma duk a zatonta hannun namiji ne. Ta tambaye ni sunanta. Na ce Tumba. Ta maimaita sau biyu a hankali.

Sai ta gyara zama a bakin rumfa, inda duk layin ke ganinta. Matar da ta yi kwana uku ba ta sa komai a baki ba ta yi bisimilla, ta ɓare tarwaɗar, ta cinye ta tas har kai. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce Hajiya, ba ki ji shela ba? Gwaggo ta ce ta ji, ai saye aka hana. Ta goge tsinken da bakin zane, ta soke shi a ɗaurin kallabinta, sannan ta ce in ɗauko mata tsintsiya.